Muryar Inna a Kan Kayan Sata

Kafin in zama ɓarawo, mai cajin waya ne ni. Kada ku yi dariya, samari, sana'a ce mai rufin asiri, kuma da na tsaya a kanta da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Ɗan shago gare ni na kwano kusa da tasha a nan Daura, da ƙaramin janareta mai yawan tari, da allo cike da soket. Ranar kasuwa mutanen ƙauye su jibge min wayoyinsu su shiga hidimarsu, in sun gama su dawo su karɓa. Daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta na fara tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori. Ban taɓa tambayar kaina na wane ne abin da nake turawa ba. Kowa yana yi, ni ma na yi.

Ni ne auta a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu ina firamare, Inna ce ta riƙe mu, ni da Yaya Binta, da sana'ar daddawa. Daddawar Inna kuwa har daga Baure ake zuwa sari. Abu biyu aka san ta da su a unguwa: surutu da tsoron haƙƙi. In kazar maƙwabta ta yi ƙwai a madafinmu, sai an bi gida-gida an gano mai kazar. Ta taɓa tashina ina tsakiyar cin tuwo, wai in mayar wa mai shago kwalin ashana da ya ƙara mata bisa kuskure. Surutu kuwa, ko rediyo ba ya gama magana ba ta tanka masa ba. Mai labarai zai ce an yi kaza a wata ƙasa da ba ta taɓa jin sunanta ba, sai ka ji ta ce, "To, ka ji! Ai dama na faɗa."

Ni kuma abin da Allah ya ba ni murya ce. Tun a makaranta ni ake tayarwa in karanta wa aji labari, in yi muryar tsoho, in yi ta yarinya, har malami ya manta an kaɗa ƙararrawa. Sai kuma rashin kunya, wannan ni na ƙara wa kaina.

Kun fi ni sanin yadda ake sayar da littafi a waya yanzu, amma bari in faɗa saboda wanda bai sani ba. Marubuciya za ta fara sakin labari kyauta, shafi bayan shafi. Daidai inda ya ɗauko daɗi sai ta ce daga nan na kuɗi ne. Ka tura mata ɗan abin da ta yanka, ta saka ka a guruf ɗinta, kullum ta sako sabon shafi. A saman kowane shafi kuma akwai layin da kusan dukansu suke rubutawa: "Wannan littafi na kuɗi ne. Duk wanda ya fitar da shi, ko ya karanta bai biya ba, Allah ya isa tsakanina da shi."

Wata rana wata mata ta kawo caji, ta ce in duba mata me ya sa wayar take nauyi. Ina dubawa na ci karo da wani littafi, Gonar Bakin Iyaka, na wata mai kiran kanta 'Yar Ƙauye. Na karanta shafi ɗaya a tsaye. Na ja benci na zauna. Kafin matar ta dawo na kwashe shi kaf na zuba a wayata. Na ga layin nan na sama sarai, na ce a raina, ai ba da ni take ba, ni dubawa kawai nake yi.

Labarin wata mata ne, Ladidi, wadda mijinta Sale ya tafi neman kuɗi arewa ya yi shekaru ba labari, ƙanensa Tanko kuma ya tasa ta gaba sai an sayar da gonar da Sale ya bar mata. Shi ke nan labarin, amma wallahi in ka fara ba ka iya ajiyewa. Da la'asar na koma gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar kalwa. Idonta ya fara rauni a lokacin, ba ta kuma yi boko ba. Na ce bari in karanta mata ta ji. Ban kai ƙarshen shafin farko ba ta ture faifan gefe.

"Auta, wannan labarin na wane ne?"

"Na wata ce, Inna. Kyauta take rabawa."

"Allah ya yi mata albarka. Ci gaba."

A nan na yi ƙaryar da ta fi duk sauran tsada. Daga ranar, duk shafin da zan karanta mata sai in tsallake layin sama in fara daga na biyu.

Inna ba ta iya sauraro da baki a rufe ba. Tanko na shigowa za ta fara: "Ga shi nan, mai idon cin naman mutane! Me kuma ya kawo ka?" In Ladidi ta yi sanyi ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki yarda! Ki ce sai an kira mai unguwa!" Ranar da Tanko ya kawo dillali ya auna gonar, Inna ta miƙe tsaye da muciya a hannu, sai da na tuna mata ba a gidanmu ake aunawa ba. Ni kaina rabin daɗin da nake ji daga bakinta yake fitowa.

Akwai wani mai shayi a tasha da ba ya karatu, ya dame ni in ba shi labarin. Na gaji da maimaitawa, sai ranar nan na danna naɗar murya na jefa wayar a aljihun gaba, na karanta wa Inna kamar kullum. Washegari na tura masa. Kafin azahar mutane sun fara zuwa shago, ba caji suka kawo ba. "Mai caji, a tura min na tsohuwar nan." "Wace tsohuwa?" "Mai zagin Tanko mana!" Direbobin Katsina da na Kano suka riƙa kunnawa a mota. Da na ga haka, sai Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ni kuma na matsa masa.

Na sayi sabon layin waya, na shiga guruf ɗin marubuciyar da sunan mace, na biya kuɗin mutum ɗaya. Sannan na buɗe nawa guruf ɗin, na sa masa sunanta, na rubuta cewa ni wakilinta ne mai kula da sashen murya. Na yanka kuɗi ƙasa da nata. Ita ta sako shafi da safe, ni in goge layin sama, in karanta wa Inna da la'asar da waya a aljihu, kafin magariba na saki. Mutane suka yi ta tururuwa. Wa zai zauna yana murza ido a kan rubutu alhali ga mai karanta masa da araha, ga kuma tsohuwa tana ƙara gishiri? Har waɗanda suke nata guruf ɗin suka fara zamewa suna dawowa nawa. Na sayi babur. Na ɗinka shadda. Na fara cewa yaran tasha su daina kirana mai caji.

Maƙwabcin shagona Emeka ne, mai sayar da kayan gyaran babur, haifaffen Daura, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Shi kaɗai ya gane muryar tun farko, don ya sha cin tuwon Inna. Ya same ni ina goge babur ya ce, "Mai caji, Inna ta san muryarta tana yawo a motocin haya?"

Na ce, "Kai dai ka ji da fulogoginka."

"Ita mai littafin fa?"

"Me na ɗaukar mata? Littafinta yana nan a wayarta, ko harafi ɗaya bai ragu ba."

Ya dube ni ya girgiza kai ya koma shagonsa. Wannan amsar tawa ta burge ni ƙwarai a lokacin. Na riƙa maimaita ta ga duk wanda ya yi min magana, har na fara jin kamar ni malami ne.

Marubuciyar ta ji labari, dole ta ji. Tunda ina cikin guruf ɗinta, ina ganin duk abin da take rubutawa. Da farko roƙo ta yi: don Allah mai yin wannan abu ya bari, da wannan rubutun take rufa wa kanta asiri. Na karanta ina shan lemo. Daga baya ta yi faɗa. Daga baya ta yi shiru kwana biyu. Sai ta sako wani shafi da ya ƙare daidai inda Ladidi take duƙe tana cirar ciyawa, wani mutum mai rawani ya tsaya a bakin gona ya yi sallama, ta ɗago kai. A ƙasa ta rubuta: "Na ajiye rubutu. Wanda ya raba ni da shi, ya ƙarasa muku."

Jama'a, ku zo ku ga tashin hankali! Wayata ta ɗauki zafi. Sale ne ko ba Sale ba ne? Mata suna kira, direbobi suna tsayawa a ƙofar shago suna danna hon. A gida kuma Inna ta hana ni sakat. "Auta, yau ma ba ta sako ba? Ko lafiya? A bincika mana, kada a ce ciwo take yi muna nan zaune." Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na sanar cewa kashi na biyu ya fito, amma sai an sake biya. Aka kuwa biya. Da kuɗi suka shigo, sai na zauna na ce, wai shin mene ne wahala a rubutun nan? Ba Hausa ba ce? Na ɗauki waya na rubuta da kaina.

A nawa shafin, mai rawani Sale ne, ya dawo da ƙatuwar mota da jakar kuɗi. Ladidi ta ce masa sannu da zuwa. Tanko kuma yana gudu tsawa ta faɗo masa. Na gama a zama ɗaya, na karanta, na ce kai, ashe ni ma marubuci ne ban sani ba.

Da la'asar na danna naɗi na jefa a aljihu na fara. Ban yi nisa ba na lura Inna ba ta ce uffan ba. Na ƙara wa murya armashi. Shiru. Da na kai wurin tsawa ta ce, "Dakata. Tsawa da rani?"

"Ikon Allah ne, Inna."

"Ikon Allah gaskiya ne, amma a shafin baya aka ce rijiyoyi sun ƙafe. Sannan ciyawar da take cira busasshiya ce ta awaki, kai ka karanta min da bakinka. Kuma mace ta yi shekaru tana jiran miji, ta ci baƙar wuya, ya dawo ta ce masa sannu da zuwa kamar wanda ya dawo daga masallaci? Ina kukan? Ina faɗan? A'a. Wannan ba hannun matar nan ba ne."

"Haba Inna, nata ne mana."

"Auta, dube ni. Ko dai kai ne? Na san muryarka in kana ƙarya tun kana satar min ƙuli a tulu. Tashi ka miƙo min faifan daddawar can, gobe mutanen Baure za su zo, ka bar ɓata min kunne."

Na yi dariyar yaƙe na miƙa mata faifai. To ga inda asirina ya tonu. Tun da na fara wannan harka ban taɓa sauraron abin da na naɗa kafin in saki ba. Me zan saurara? Duk abin da Inna ta faɗa sayuwa yake yi. Hannuna ya riga ya saba: a fito da waya, a tsayar, a tura. Ina tafiya masallaci ina tunanin yadda zan gyara tsawar, ashe yatsana ya riga ya gama aikinsa. Kafin in idar da sallar magariba, duk wanda ya biya ni ya ji mahaifiyata da bakinta tana cewa ni ne, ya ji ni auta ne, ya ji tana sayar da daddawa, ya ji mutanen Baure suna zuwa sari. Ko kwatancen gida na rubuta musu iyakar abin da zan yi ke nan.

Ba a daɗe ba 'yan sanda suka yi sallama a ƙofar gida suna tambayar gidan mai daddawa. Inna ta aiko a tambaye su ta nawa za a ba su.

A kotu aka karanto min laifuffuka: satar fasaha, sojan gona, da damfarar waɗanda suka biya kashi na biyu. Marubuciyar ta zo, sunanta Malama Habi, malamar firamare ce a garin Babban Mutum, 'yar siririya cikin dogon hijabi. Ta yi bayani a taƙaice ta zauna. Aka kunna naɗin ƙarshe, kotu ta fashe da dariya, har alƙali sai da ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Ni ma na ɗan murmusa, don har lokacin ban san girman abin da na yi ba. Sai mai gabatar da ƙara ya ce zai karanta layin da wanda ake ƙara yake gogewa daga kowane shafi. Ya karanta shi a hankali, har zuwa "Allah ya isa tsakanina da shi."

Na waiwaya. Inna tana zaune a bencin baya kusa da Yaya Binta. Ta kama hannun Yaya ta tambaye ta wani abu, Yaya ta gyaɗa kai. Alƙali ya yanke min ɗauri. Da za a fita da ni aka bi da ni ta gabansu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Auta, ashe Allah ya isa kake ba ni kullum da la'asar, ina sa wa matar albarka?" Wannan ce maganar ƙarshe da ta yi min kafin a rufe ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro.

Na shiga gidan yari ana shuka gero, ban fito ba sai da aka kai shi rumbu. An sayar da babur da kwamfuta an biya mutane. Yaya Binta ce take zuwa duba ni, takan kawo dambu da yaji, in na ci in ji hannun Inna ne, amma ba saƙo ko ɗaya. Na tambaye ta ya Inna take. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau, sai dai gidan ya zama kamar ba kowa. Ta kashe rediyo ta sa a ƙarƙashin gado. In masu sari sun zo ta auna musu ta koma ɗaki. Ta ce bakin da aka yi talla da shi a kan kayan sata gara ya huta." Na ce to a kai ta wurin Malamar mana ta nemi yafiya, ai ita ba ta sani ba. Yaya ta ce ta yi mata tayin haka. Inna ta ce ba za ta je a yafe mata ita kaɗai a bar ɗanta a ciki ba. Tare aka ci, tare za a je. Ranar ban iya cin dambun ba, na ba 'yan ɗakinmu.

Amma kada ku ɗauka kullum kuka nake yi a can. Da 'yan ɗaki suka ji laifina, sai suka ce to madalla, an kawo mana rediyo. Kullum bayan la'asar sai na ba su labari. Na ba su Gonar Bakin Iyaka har inda ta tsaya, suka kusa dukana a kan mai rawani. Suka ce in ƙirƙiro nawa. A nan na san rubutu aiki ne. In kwana in wuni ina juya abu a kai, in fara ba su, kafin in yi nisa wani ya yi hamma, wani ya ce, "Mai caji, wannan ai ka faɗa shekaranjiya." Da ƙyar da jiɓin goshi na haɗa labari guda mai kyau, na wani mai gyaran rediyo da ya auri 'yar mai gidan haya. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Na ji kaina ya yi girma.

Bayan 'yan kwanaki ina wucewa ta wurin wanki, sai na ji ana ta dariya. Na leƙa. Wani ɗan ɗakinmu ne da muke kira Na-Akuya, saboda abin da ya kawo shi ke nan, ya tara mutanen wani ɗaki yana ba su labarina, wai a kan kawunsa abin ya faru. Har sukari da sabulu suke ba shi! Jini ya hau min kai. Na shaƙo wuyan rigarsa na ce, "Ɓarawon banza, labarina ne!"

Ya ɓamɓare hannuna a hankali ya ce, "Me na ɗaukar maka? Labarinka yana nan a bakinka, ko harafi ɗaya bai ragu ba." Ashe na taɓa yi musu wannan wa'azin nawa a ɗaki, ya riƙe. Ya ƙara da cewa, "Ni akuyar da na sata an mayar wa mai ita, har ta haihu. Kai taka fa, ta ina za a bi a tattaro ta?" Na koma ɗaki na zauna, sabulun ma bai ba ni ko gutsure ba.

Ranar da aka sake ni na isa gida da hantsi. Na durƙusa na gaishe da Inna, ta amsa da kai. Ta rame. Washegari da sassafe na ga ta yafa mayafinta na unguwa, ta ƙulle daddawa mai yawa a leda. Ta dubi Yaya Binta, ina tsaye a gabanta, ta ce, "Gaya masa ya nemo abin hawa." Emeka ya ba ni aron babur ɗinsa, ya cika min tanki, bai ce min komai ba sai "A gaishe da Malama." Daga Daura har Babban Mutum, ta hanyar Baure, Inna tana bayana ba ta ce min ko rage gudu ba. Da a da ne, da ta ba ni tarihin kowace gona da muka wuce.

Muka sami Malama Habi ta dawo daga makaranta tana shara. Ta gane ni, fuskarta ta canza. Sai ta ga tsohuwar da ke bayana, ta yar da tsintsiya ta shimfiɗa tabarma. Inna ta ƙi hawa, ta zauna a ƙasa, ta tura ƙullin daddawa gabanta.

"'Yar nan, ni ce tsohuwar da kika ji. Na ci haƙƙinki ban sani ba, wannan kuma ya ci yana sane, ni na haife shi. Mun zo ki sauke mana abin da kika ɗora."

Malama ta durƙusa ta kama hannunta. "Inna, don Allah ki hau tabarma. Wallahi ban taɓa sa ki a ciki ba. Duk naɗin nan na saurare su. Ina jin haushi ina kuka, in kin zagi Tanko kuma in kama dariya. Ranar da kika ce ba hannuna ba ne, na maimaita wurin ban san adadi ba. Ban taɓa samun mai karatu irinki ba."

Sannan ta juyo kaina, murmushin ya tafi. Ta ɗauko wayarta, gilashin duk ya tsage, ta nuna min babban yatsanta da ya yi kanta. Ta ce da shi take rubutawa, a lokacin hutun tara in yara sun fita, da bayan ta sauke tukunya. "An ce kana cewa ba ka ɗaukar min komai ba. Gaskiya ne, littafin yana nan. Amma tun ranar da na ajiye, in na ɗauki wayar nan zan rubuta, sai in ji kamar wani yana tsaye a bayana yana jira in gama ya fizge. Ko layi ɗaya ban ƙara ba."

Na ce, "Malama, na yi laifi, ba ni da abin kare kaina. Ki yafe min don Allah."

Ta ce akwai sharaɗi. Da muryar da na sayar da littafinta, da ita zan karanta layin da nake gogewa, in faɗi abin da na yi, in tura duk inda na san naɗin ya shiga. Ta miƙo min wayarta ta danna naɗi. Ni da nake karanta shafi guda ban yi tuntuɓe ba, layin nan guda ɗaya sai da na tsaya a tsakiyarsa na sake farawa. Na karanta, na faɗi ko ni wane ne, na faɗi abin da na yi. Ta karɓa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ka ga, ana saurara kafin a tura." Sannan ta ce ta yafe, duniya da lahira.

Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa addu'a, ta matsa ta hau tabarma. Ta dube ni ta ce, "Auta, matsa can, ka tare min iska." Wallahi ban taɓa jin daɗin an kore ni irin na ranar ba. Hawaye suka zubo min, na matsa. Ta gyara zama ta fuskanci Malama.

"To yanzu, 'yar nan, tsakaninki da Allah. Mai rawanin nan, Sale ne ko ba shi ba ne? Damina guda ina kwana da shi a raina."

Malama ta rufe baki da hijabi tana dariya ta ce, "Inna, ai littafin kuɗi ne."

"Yo da me na zo?" Ta kwance bakin zaninta, ta ciro kuɗin daddawa, ta danƙa mata a hannu. Malama ta ce wasa take yi, Inna ta ce ita ba wasa take yi ba. Sai da ta karɓa. Daga nan har muka hau babur Inna ba ta rufe baki ba, kuma har muka iso Daura tana gaya min abin da ya kamata a yi wa Tanko.

Malama ta koma rubutu bayan sallah. Ni na koma cajin waya, da bencin aro. Yanzu ni nake karanta littattafanta da izininta, ita take sakawa a guruf ɗinta, ta ba ni ladan karatu, ta ba Inna nata, don Inna ta ce in dai za a ji muryarta to da saninta za a ji. Kowane naɗi da layin sama nake fara shi. In na yi saurin wuce shi, Inna takan ce in koma.

Samari da 'yan mata, ga abin da zan ce muku. Abin da ke cikin wayarku, littafi ne, waƙa ce, fim ne, wani ne ya zauna ya yi shi da yatsansa da lokacinsa, ba daga sama ya faɗo ba. In an ce na kuɗi ne, ku biya ko ku haƙura. In an turo muku na sata, kada ku tura gaba, don ba ku san kunnen wa zai shiga ba. Ni na kai shi har tsakar gidanmu, na zuba wa matar da ko ƙwan kazar maƙwabta ba ta taɓa ci ba, na rufe mata baki damina guda. Gidan yari bai yi min zafin wannan ba.

Na san abin da kuke son tambayata. Eh, na san ko wane ne mai rawanin, ni na karanta shafin da bakina, Inna ta yi kuka ta yi guɗa. Amma ba za ku ji daga gare ni ba. Ku je ku biya Malama.